Wayar da Aka Bar wa Ƙofa a Baya

Su huɗu ne a gidan, amma galibi uku ake gani. Abba direban babbar mota ne, yakan yi kwana goma a hanya kafin ya dawo ya yi biyu a gida. Umma tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ta fita ƙarfe bakwai, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Sai 'yarsu mai shekara goma sha biyu, wadda kowa ke kira Tsinke saboda rashin kaurinta. Na huɗun shi ne Kaka, mahaifin Abba, wanda ya shekara arba'in yana gyaran agogo kafin hannunsa ya fara rawa, ya rufe shago. Suna zaune a hawan sama na wani bene, ɗaki biyu da falo, da 'yar baranda inda Kaka ke ajiye kujerarsa. Ba su rasa ci ba, ba su rasa zaman lafiya ba. Abu biyu ne ba su da shi: wanda zai zauna da Kaka da rana, da wayar da Kaka zai iya kira da ita.

Waya kam yana da ita. Abba ne ya kawo masa, mai faɗin fuska, sumul kamar sabon sabulu. Sai dai duk gabanta gilashi ne, gilashi kuwa yatsa mai natsuwa yake so, na Kaka kuma ya daina natsuwa tun shekara shida da suka wuce.

Ranar wata Litinin da hantsi santsi ya kwashe shi a bakin banɗaki. Bai karye ba, amma ya kasa tashi. Wayar tana aljihunsa. Ya ciro ta yana neman sunan Umma, yatsan ya yi ta tsalle a kan gilashin, ya buɗe wannan ya rufe wancan. Awa uku yana kwance a kan siminti, har Tsinke ta dawo daga makaranta ta same shi. Da Umma ta duba wayar daga baya, sai ta tarar da hoton silin guda sittin da ɗaya, da hoto ɗaya na babban yatsan ƙafarsa.

"Wannan na ƙarshen ya yi kyau," in ji Kaka. "A wanke min shi a rataye a falo."

Ba wanda ya yi dariya sai shi kaɗai.

Da yamma Gwaggo ta kira, wato babbar 'yarsa, wadda ke zaune a wani gari mai tafiyar awa biyar. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ranar Asabar za ta zo da mota ta ɗauke shi, don gidanta ba ya rabuwa da mutane. Umma ta ce to. Kaka kuwa, Tsinke ta gan shi ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado yana share masa ƙura da hannun riga.

Ta bi Umma kicin. "Umma, da a ce zai iya kira fa?"

"Da zai iya kira, da abin ya zo da sauƙi. Ga Tela nan a ƙasanmu, kullum tana kan kekenta, minti ɗaya ta hau. Amma kin ga dai abin da ya faru."

Tsinke ta koma ɗakin Kaka ta tona kwalin tarkacensa. A ƙasan kwalin ta samu wani tsohon madannin ƙararrawar ƙofa, faɗinsa kamar murfin kofi, da igiyoyin wuta biyu suna reto a jikinsa. Wannan ko da gwiwar hannu aka buge shi zai dannu. Ta sa shi a jakar makaranta tare da wayar Kaka.

Washegari da aka tashi daga makaranta ba ta wuce gida ba, sai ta nufi wurin aikin Kawu, ƙanin Umma. Ta san shi da abokan aikinsa biyu suna ƙera wata waya, amma ba ta taɓa zuwa ba. Wurin yana bayan wani shagon fenti, ana hawa ta matakalar ƙarfe mai ƙara. Ɗaki ne dogo mai ƙaurin dalma, da tebur shimfiɗe da koren roba, da fitilu masu dogon wuya sun sunkuya a kansa kamar suna karatu.

"Kawu, a ina zan haɗa wannan a jikin wayar Kaka?"

Kawu ya juya wayar gaba da baya, ya girgiza kai. "Wannan ba ta da mashiga, Tsinke. Da gam aka liƙe ta. Sai an hura mata iska mai zafi kafin ta buɗe, in ma ta buɗe ba a bar wa kowa wuri a ciki ba. Ko batir ka canja mata sai ta yi fushi."

"To ta waye? Ta Kaka ce ko ta waɗanda suka yi ta?"

Daga can ƙarshen teburin wata mata ta ɗago kai, ta tura tabarau saman goshi. Ita ce shugabar aikin, Injiniya kawai suke ce mata.

"Wa ya kawo mana wannan baƙuwa? Dogo, ba ta kujerarka."

Dogo, wanda ke rubuta manhajar wayar, ya miƙe har kansa ya kusa taɓa fanka. "Kullum kujerata," in ji shi. "Ta Kawunta ƙaya ce a kai?"

Injiniya ta saurari labarin Kaka daga farko har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta ce, "Zo ki ga wani abu." Ta zaunar da ita gaban wani madubin ƙara girma mai ido biyu, ta tura wani koren allo ƙarƙashinsa, wanda bai kai tafin hannu ba. Ta ce shi ne cikin wayar da suke ƙerawa.

Tsinke ta sa ido. Da farko hazo kawai ta gani. Injiniya ta murɗa wani abu a gefe, sai hazon ya washe, sai ga gari. Tituna ne na zinariya, siri-siri, suna tafiya jere da juna, su karya kwana tare, su nutse cikin rami su ɓullo a wani wuri. Ga gidaje baƙaƙe masu ƙafafu da yawa, ga ƙanana kamar ƙwayar yashi an jera su sahu-sahu. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne kowane gida da sunansa a ƙofa, an rubuta da farin rubutu. Ta karanta: wutar batir. Murya. Kyamara ta gaba.

"Wa ya rubuta waɗannan? Da wane alƙalami?"

"Kawunki ne ya zana, inji ya buga," in ji Injiniya. "Wata uku ya yi yana neman inda zai sa sunayen."

"Wata uku," in ji Dogo, "saboda mutumin da ba mu sani ba ya karanta. Kuma duba kaurinta." Ya ɗauko wayar da aka riga aka haɗa, mai kauri kamar littafin lissafi na aji shida. "Bulo ke nan. In ta faɗo wa mutum a ƙafa sai an kai shi wurin Ummanki."

Injiniya ta nuna wani farin allo a bango, inda suka rubuta abubuwan da suke so wayar ta zama, daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa. A can sama an rubuta da manyan baƙaƙe: mai ita ya iya buɗe ta. Ƙarƙashinsa akwai batir da za a cire da yatsu, da makunni na gaske wanda ke yanke wa kyamara da abin ɗaukar murya wuta, da manhajar da kowa zai iya karantawa ya canja. A can ƙasa, kusa da inda allon ya ƙare, an rubuta sirantaka. Wurin ya yi duhu saboda yawan gogewa.

"Kullum da safe Dogo yana hawo da ita sama," in ji Kawu, "kullum da rana Injiniya tana mayar da ita."

Sannan Injiniya ta nuna mata wasu ɗigo shida na jan ƙarfe a bayan koren allon, kowanne da ɗan maƙalinsa. "Waɗannan muna ce musu ƙofar baya. Ta ɗaya wuta ke fita, ta uku saƙo ke shiga. Duk abin da kika haɗa a nan, wayar za ta saurare shi."

Tsinke ta ciro madannin ƙararrawar ta ajiye a kan tebur. "Har wannan?"

Su ukun suka kalli madannin, suka kalli juna.

"Har shi," in ji Injiniya. "Amma akwai sharaɗi. A nan muna da wata ɗabi'a, gwajin baƙo muke ce mata. Mu ba ma yarda da hannunmu, don mu muka yi abin, ko ido rufe za mu buɗe shi. Sai mu ba wani na waje wayar da takarda shafi ɗaya, mu ja baya. Ba mai taɓawa, ba mai bayani. Za ki tafi da ita gida, ke da Kakanki. Kawunki ko kuka kika yi masa ba zai ce uffan ba. Kin yarda?"

Kawu ya kama leɓensa da yatsu biyu. Tsinke ta ce ta yarda.

A gida ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin falo kamar yadda Kaka ya ce, ta ɗora wayar rub da ciki. Kaka ya warware naɗin fatar da yake ajiye sukurudirebobinsa, guda arba'in da uku, daga mai kaurin fensir har wanda bai fi gashin gira ba. Layin farko na takardar cewa ya yi: kwance noti huɗu na murfin baya.

"Riƙe min gilashin a ido, mutuniyata," in ji Kaka, don hannunsa ba ya iya tsayar da ƙaramin gilashin masu gyaran agogo. Ta riƙe masa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan kan noti tauraro ne. Tsini shida."

"Ba ka da irinsa?"

"Gwada dai."

Ta gwada ɗaya bayan ɗaya, har arba'in da ukun. Wani ya yi faɗi, wani ya shiga yana juyawa a banza. Ta ɗauko wuƙar kicin, Kaka ya ce, "A'a. Kika cinye kan notin, ko su ba za su iya buɗe ta ba. Abin da bai shiga da lallami ba, ba a tilasta masa." Ta zauna tana kallon wayar. Gari guda yana ciki da tituna da sunaye, ga ƙofar da take nema, tsakaninsu murfi ne kawai wanda bai kai kaurin farce biyu ba. Asabar kuma saura kwana huɗu.

Ranar Laraba ta sake hawa matakalar ƙarfen, ta ajiye wayar a kan koren teburin.

"Ba ta buɗuwa."

"Kamar yaya ba ta buɗuwa?" in ji Dogo. "Noti huɗu ne fa kawai." Yana magana hannunsa ya tafi aljihun gaban rigarsa ya zaro wani ɗan sukurudireba mai jan kai. Kawu ya kai hannu bayan kunnensa, ya ciro irinsa sak. Na Injiniya yana rataye a wuyanta tare da makullin ɗakin.

Tsinke ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Kaka yana da arba'in da uku. Babu mai wannan bakin."

Injiniya ta ɗago nata ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa, sannan ta zauna a hankali.

"Baƙi biyar muka gwada kafin ita," in ji ta. "Ya aka yi ba wanda ya faɗa mana?"

"A nan suka buɗe ta," in ji Kawu. "A kan teburinmu. Da kayanmu."

Dogo ya juya ya kalli layin da ke saman farin allon, ya sake kallon abin da ke hannunsa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Wata takwas! Wata takwas muna wa mutane wa'azi!"

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Tsinke, "Ki gaya wa Kakanki gobe ina nan tafe, in ya ba ni izini."

Ranar Alhamis da yamma ta zo tare da Kawu. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta rusuna ta gaishe shi.

"Ke ce mai gidan nan da aka rubuta wa baƙo ya shigo, aka kuma tafi da makulli a aljihu?" in ji Kaka.

"Ni ce, Baba. Na zo karɓar hukunci."

Ta miƙa wayar. Sun canja noti huɗun da masu tsaga ɗaya miƙaƙƙiya. Tsinke ta riƙe wa Kaka gilashi ya duba.

"Da dama-dama," in ji shi. "Amma tsagar ta yi siranta. Ki faɗaɗa ta yadda gindin cokalin shayi zai shiga. Ba kowane gida ke da sukurudireba ba, amma ban taɓa shiga gidan da babu cokali ba. Na biyu, in an kwance notin nan, fita yake yi gaba ɗaya?"

"Fita yake yi, Baba."

"To ya tafi ke nan. Ƙaramin noti ba ya faɗuwa kusa, sai ƙarƙashin kabad. Rabin rayuwata a durƙushe na yi ta ina neman irinsu. Ki rage masa kaurin wuya, ki sa masa ɗan zobe ta ciki, yadda zai saki amma ya zauna maƙale a murfin."

Injiniya ta ciro littafi tana rubutawa da sauri, tana zana abin da ya faɗa, tana juyo masa shafin ya gani. Awa guda suka yi a haka. Tsinke ba ta taɓa jin Kaka ya yi magana mai tsawo irin wannan ba tun da ya rufe shago. Kawu ya fita baranda da ɗan zarto ya faɗaɗa tsagar noti huɗun. Da za su tafi, Tsinke ta ce, "Kawu, in na buɗe, wace igiya ce ke zuwa..." Kawu ya sake kama leɓensa, ya sauka abinsa.

Ranar Juma'a bayan makaranta suka sake shimfiɗa farin ƙyallen. Tsinke ta sa gindin cokali a tsagar farko ta murɗa, notin ya juya ba gardama. Na huɗu na fita murfin ya ɗago da kansa.

A cikin murfin an zana taswirar wayar gaba ɗaya, layi-layi, kowane abu da inda ya dosa. Batir yana zaune a gurbinsa da ɗan harshen roba na jawo shi. Kaka ya ce a riƙe masa gilashi. Ta riƙe har hannunta ya gaji ta canja ɗayan, shi kuwa bai ɗago ba, yana bin titunan zinariyar da ido, leɓensa na motsi yana karanta sunayen.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Agogon da na fara koyo a kai, in ka buɗe bayansa za ka ga wanda ya ƙera shi ya san wata rana wani zai shigo. Ya goge ko'ina, har inda ido ba ya kaiwa. Daga baya aka fara kawo mana na roba, a liƙe, in ya tsaya sai bola. Na ɗauka irin mutanen can sun ƙare." Ya ja numfashi. "Ashe suna bayan shagon fenti."

Takardar ta ce a ɗaga maƙali na ɗaya da na uku, a sa igiya a kowanne, a mayar. Tsinke ta yi. Akwai wata 'yar toshiyar roba a gefen murfin, ta cire ta, igiyoyin suka samu hanyar fita. Ta rufe, ta ɗaure noti, ta sa layin Kaka, ta kunna.

Wayar na tashi ta nuna wani farin shafi, a samansa an rubuta: an haɗa wani abu a ƙofa ta uku, me kike so in yi? Tsinke ta ja baya kaɗan a kan kujera. Ba ta taɓa ganin waya ta tambayi mutum abin da yake so ba. Ta kwafi misalin da ke cikin takardar, layi biyu ne. Na farko: idan an danna, kira wannan lamba. Ta sa lambar Tela. Na biyu: idan an sake dannawa, katse kiran.

Kaka ya sha maganinsa tun ƙarfe biyu, a irin wannan lokacin hannunsa yakan ɗan lafa. Ya ɗora yatsa ya danna sau ɗaya. Daga ƙasa, ta baranda, suka jiyo wayar Tela tana kuka, ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Gwaji ne!" Tsinke ta leƙa ta yi ihu. "Kada ki hau!"

Ta yi tsalle ta zagaye teburin sau biyu. Da Umma ta dawo ta ɗinke wata 'yar jaka mai igiyar ratayawa, wayar a ciki, madannin a waje.

Gwaggo ta iso ranar Asabar ƙarfe tara da rabi, da manyan akwatuna biyu babu komai a ciki. Bayan gaisuwa ta ga abin da ke rataye a wuyan mahaifinta.

"Baba, wannan kuma mene ne? Ƙararrawar ƙofa ka zama?"

"Yaya, ki zauna ki gani," in ji Umma. "Aikin 'yarki ne."

Tsinke ta yi bayani. Gwaggo ta saurara hannu a haɓa, sannan ta ce, "To, Baba, danna mu gani."

Kaka bai yi barci sosai ba, maganin safe kuma bai gama kama shi ba, ga idanun mutum uku a kansa. Hannun ya tashi yana karkarwa kamar ganye. Ya kai shi kan madannin. A ƙasa wayar Tela ta fara kuka, kafin ta kai rabi ta ɗauke. Ya sake. Ta yi 'yar ƙara ta mutu. Karo na uku ko motsi ba su ji ba.

Gwaggo ta sassauta murya. "Baba, wallahi ba don ina so in raba ka da nan ba ne. Amma da a banɗaki kake yanzu fa?" Ta juya ga Umma. "Ƙanwata, taya ni haɗa kayansa."

"Kaka, sake dannawa," in ji Tsinke. "Don Allah sau ɗaya."

Wannan karon ba ta kalli wayar ba, yatsansa ta kalla. Ta ga ya sauka a kan madannin, ya ɗaga, ya sake sauka, ya ɗaga, ya sauka, ya sauka. Shi sau ɗaya ya yi nufi, hannun ya yi huɗu.

"Kira, katse, kira, katse," ta faɗa a fili.

Kaka ya dube ta, idonsa ya yi haske. "Af. Ba laifinta ba ne. Biyayya ce ta yi mata yawa."

Tsinke ta zaro wayar daga jaka ta buɗe farin shafin. Layi biyun suna nan yadda ta rubuta su jiya. Ta ɗora yatsa a ƙarshen na biyu.

"Ke, kada ki ɓata wa mutane kaya!" in ji Gwaggo.

Tsinke ta ɗan dakata, don misalin na cikin takarda ne, manya ne suka rubuta shi, ita kuwa ko sakandare ba ta shiga ba. Amma ta danna gogewa, baƙaƙen suka riƙa ɓacewa ɗaya-ɗaya har layin ya tafi. Wayar ba ta yi gardama ba, ba ta nemi izinin kowa ba. A ƙasan shafin wayar ta rubuta: na ji.

"To yanzu wa zai katse kiran?" in ji Umma.

"Wanda na kira," in ji Kaka. "Ni ban taɓa gajiya da magana ba."

Gwaggo ta miƙe. Ita ba mai yarda da abu a sama-sama ba ce. "Ba a kan kujera za a gwada ba. Baba, zo ka kwanta inda ka faɗi."

"Ke yanzu ni za ki kwantar a bakin banɗaki da sabuwar rigata?"

"Ni kuwa."

Suka kama shi su biyu suka kwantar da shi a hankali a kan simintin, yana mita yana cewa ya haifi soja bai sani ba. Gwaggo ta kore su duka zuwa falo, ta tsaya daga nesa tana kallon agogon hannunta. Kaka ya lalubo madannin a ƙirjinsa. Hannun ya yi rawarsa, ya bugi madannin sau nawa ba wanda ya ƙirga.

A ƙasa wayar ta fara kuka. Ta ci gaba. Ba ta tsaya ba. Keken ɗinki ya yi shiru, aka ji ƙofa ta bugu, sai ƙarar silifa a kan matakala, fat fat fat. Tela ta faɗo falon tana haki, tef a wuya, almakashi a hannu, wayar tana kuka a ɗaya hannun don ko ɗauka ba ta tsaya yi ba.

"Ina Baban? Me ya same shi?"

"Ina nan, 'yata," in ji Kaka daga ƙasa. "Hutawa nake yi."

Gwaggo ta sauke hannunta. "Daƙiƙa hamsin," in ji ta. Ta je ta durƙusa kusa da mahaifinta, ta ɗago kansa ta gyara masa hula. Ta daɗe tana duban madannin, da igiyoyinsa biyu da suka shige cikin jaka.

"Ko wanka za ka shiga, da ita a wuyanka," in ji ta. "Ranar da na kira aka ce ka cire, washegari za ka gan ni da mota."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Bayan azahar Tsinke ta taya ta sauke akwatunan zuwa mota, ba nauyi, kowanne da hannu ɗaya ake ɗauka. Da motar ta tafi ta hau sama ta tarar da Kaka a kujerarsa ta baranda yana gyangyaɗi, jakar tana hawa da sauka a ƙirjinsa. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa tana tunani.

A ranar Tsinke ta gane cewa waɗanda suka ƙera wayar ba su san da rawar hannun Kaka ba lokacin da suke zana ta, kuma ba za su taɓa sanin hannun kowa da kowa ba. Shi ya sa suka bar wa wanda ya sani wurin da zai gyara da kansa.